Ɗaura Ƙaramin Injin Lantarki a Jikin Kwale-kwale

Ɗalibin da ya tashi a Batsari ko Safana zai iya cewa maganar jirgin ruwa ba tasa ba ce, tun da yake ƙasarsu ta tudu ce da duwatsu da Dajin Rugu, ƙoramunsu kuma da kaka ta wuce sai su koma rairayi. To, amma ai Dutsin-ma ba nisa, kuma a can ne madatsar ruwa ta Zobe take, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, mai iya tara ruwa fiye da mita kubik miliyan 170. Ta arewa kuma ga madatsar Jibiya. A irin waɗannan ruwaye masunta ke neman karfasa da tarwaɗa, suna tuƙa kwale-kwale da filafili ko da doguwar sanda. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda ake ɗaura wa kwale-kwale ƙaramin inji mai aiki da batir, da kuma ilmin kimiyyar da ke bayan kowane mataki, domin kusan duk abin da ake buƙata yana cikin darussan fizis na makarantar sakandare.

Wannan inji ba sabon abu ba ne. Tun a 1881 wani Bafaranshe, Gustave Trouvé, ya tuƙa jirgi da injin lantarki a kogin da ya ratsa birnin Faris. A 1909 Ole Evinrude ya fito da injin fetur da ake rataya wa a bayan jirgi, kakan waɗanda ake gani yau a Yawuri da Tafkin Cadi. Sa'an nan a 1934, a garin Fargo na Amurka, O. G. Schmidt ya ƙera ƙaramin injin batir musamman domin masunta, wanda daga gare shi kamfanin Minn Kota ya samo asali. Amfaninsa shi ne tafiya a hankali ba tare da ƙara ba, don kada kifi ya watse, kuma ba ya zubar da mai a ruwan da jama'a ke sha. Siffarsa mai sauƙi ce: mariƙin tuƙi a sama, doguwar sandar ƙarfe, sai shi injin kansa a ƙasa cikin ruwa, da farfela a bakinsa.

Farfela tana tura ruwa baya, ruwa kuma ya tura jirgi gaba da ƙarfi daidai da wancan. Wannan ita ce doka ta uku ta Newton. Abin lura shi ne, duk wannan ƙarfi yana bi ne ta sandar injin ya taru a wuri guda, wato inda aka ɗaure shi a jikin jirgi. Saboda haka maɗaurin ya fi komai muhimmanci.

Kafin a je nan, sai a san girman injin da ya dace. Masu ƙera shi suna rubuta ƙarfin turinsa da laba, kuma ƙa'idar da suka saba bayarwa ita ce laba 2 ta turi ga kowace laba 100 ta nauyi. A ce kwale-kwale da mutum biyu da taru da batir sun kai kilo 500. Kashi 2 cikin 100 na wannan shi ne kilo 10, wato kimanin laba 22. Ke nan inji mai laba 30 ya wadatar a ruwan da ke kwance, ko da yake mai hankali zai bar rara saboda iskar hunturu.

Yanzu sai matsalar da ta shafe mu. Jiragen Turawa da aka yi injin dominsu suna da shafaffen allo a baya, inda ake danna maƙalen injin a murɗa kusoshinsa biyu, shi ke nan. Kwale-kwalenmu kuwa, musamman wanda aka sassaƙa daga gungume, sau da yawa yana da tsini gaba da baya, ba wurin maƙalawa. Dabaru biyu ne a nan. Ko dai kafinta ya yanke tsinin baya ya sa allo mai kauri, ya toshe kafofin da kyau, ko kuwa a gitta katako mai ƙwari a kan gefunan jirgin ta wajen baya, a bar kansa ɗaya ya leƙo waje, a kafa masa ɗan allo a tsaye inda injin zai kama. A ganina dabara ta biyu ta fi dacewa da mai jirgi ɗaya, don ba ta taɓa jikin jirgin da ke cikin ruwa ba. Sai dai a ɗaure katakon da kusoshi masu noti waɗanda suka huda suka fita, a sa musu faffaɗan wasa. Ƙusar da aka buga da guduma ba ta jure girgizar inji, a hankali za ta saki, kuma ranar da za ta saki ba a bakin gaɓa za ta yi ba. Haka nan a ɗaura wa injin igiya a jikin jirgi, don in maƙale ya kwance kada dukiya ta nutse.

Injin da ke gefe yana da halinsa. Idan yana hagu, turinsa zai riƙa karkata kan jirgi zuwa dama, kamar yadda ƙofa ke juyawa in an tura ta nesa da maɗaurinta. Maganin wannan shi ne a matso da shi kusa da jikin jirgi gwargwadon iko, matuƙi kuma ya ɗan karkata mariƙi.

Zurfin farfela shi ma sai an auna. Ana son ta kasance kimanin santimita 30 ƙarƙashin ruwa, sandar kuma a tsaye cak. In ta yi sama da yawa sai ta zuƙo iska, a ji tana kumfa da ƙara, batir na ƙarewa jirgi bai tafi ba. In ta yi ƙasa da yawa kuma ta gamu da laka ko dutse ko kututturen itacen da ruwa ya rufe, musamman da bazara lokacin da madatsa ta ja baya. Akwai zobe a jikin sandar da ake sassautawa a ɗaga ko a sauke. A yi wannan awo bayan kowa ya shiga ya zauna, domin jirgin da ba kowa a ciki zurfinsa daban.

Batir kuwa, a nan mutane da yawa ke asarar kuɗi. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na ƴan daƙiƙoƙi, in ana zuƙe shi kullum ba ya daɗewa. Wanda ya dace shi ne irin wanda ake haɗawa da farantin hasken rana, mai folt 12. Bari mu yi lissafi. Inji mai laba 30 yana jan kimanin amfiya 30 in an ƙure shi. Folt 12 sau amfiya 30 ya ba da wat 360, wato kusan rabin ƙarfin doki, tun da ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Batirin dalma mai amfiya-awa 100 ba a son a sha fiye da rabinsa, wato 50. A raba 50 da 30, sai a samu awa 1 da minti 40 kacal. Da tafiya a hankali zai fi haka daɗewa ƙwarai, amma duk da haka kada a bar filafili a gida.

Ga wani lissafi da malamai za su iya ba ƴan aji. Idan wayar da ta haɗa batir da inji siririya ce, turjiyarta ta kai om 0.05, to amfiya 30 za ta sa a rasa folt 1.5 a hanya, kuma wat 45 ya zama zafi a jikin wayar. Ashe kashi ɗaya cikin takwas na wutar ya tafi a banza, ga kuma haɗarin gobara a cikin jirgin katako. Saboda haka a nemi wayar tagulla mai kauri kuma gajera, a sa fis kusa da ƙafar batir mai alamar tarawa, a tabbata ja ya tafi ga tarawa, baƙi ga ɗebewa. In zaren taru ya naɗe farfela, a cire wayar batir tukuna kafin a kai hannu. Kada kuma a bar zaren, don yana cin robar da ke hana ruwa shiga cikin injin.

Saura maganar nauyi, wadda ita ce ta rai da mutuwa. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce Arkimidis ya nuna cewa abin da ke yawo a kan ruwa yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Ma'ana, kowane kilo da aka ƙara sai jirgi ya ƙara nutsewa. Irin batirin da muka ambata ya kan kai kilo 25 zuwa 30, injin kuma kusan kilo 10. Wannan nauyin yaro guda ne, dole a cire shi daga adadin waɗanda jirgin ke ɗauka. Jama'ar Kano ba su manta da abin da ya faru a madatsar Watari ta Bagwai ba a ƙarshen Nuwamba 2021, inda jirgin da aka cika maƙil ya kife, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah ya jiƙansu.

Wurin ajiye batir shi ne can ƙasan jirgi, cikin akwati, a ɗaure shi kada ya zame, domin nauyin da ke ƙasa yana ƙara wa jirgi natsuwa, wanda ke sama kuwa yana sa shi tangaɗi. Tun da matuƙi da inji suna baya, a matsar da batir wajen tsakiya don kada baya ta nutse gaba ta ɗaga. In injin yana hagu, a ɗan gusa batir dama. Gwajin farko a yi shi a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, kowa da rigar ceto a jikinsa, a fara da mafi ƙarancin gudu kuma mariƙi na kallon gaba sosai, domin kunna inji da ƙarfi alhali farfela tana gicciye yana iya kifar da siririn kwale-kwale nan take. Bayan an yi kewaye na minti goma a dawo gaɓa, a taɓa waya a ji ko ta yi zafi, a sake ɗaure notocin, don sabon katako ya kan lotsa bayan ya sha girgiza.