Tungayen fadamar Rima: Shinkafa na fita, hanya ba ta shigowa

Daga unguwar Badariya da ke Birnin Kebbi zuwa bakin fadamar Gulbin Rima ba wata tafiya ba ce, ɗan kabu-kabu zai sauke ka kafin ka gama amsa waya. Amma da ka bar kwalta ka miƙi turbar da ke ratsa gonakin shinkafa, sai ka shiga wata duniyar daban.

A nan ne tungaye suke, ƙananan ƙauyuka na Kabawa, Zabarmawa da Fulani da suka zauna a kan ɗan tudun da ruwa bai cika hawa ba, tun daga kewayen Birnin Kebbi har Argungu da Augie. Gidajen na laka ne, rumbuna a tsakar gida, kwale-kwale a kife a gindin bishiya yana jiran damina. Daga irin waɗannan wurare ne shinkafar da ta yi wa Jihar Kebbi suna take fitowa.

Idan ruwa ya zo

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, gulbi ne ke da iko da rayuwar mutanen tunga. Ruwan sama na cika shi, ga kuma wanda ake saki daga madatsar ruwa ta Goronyo a Jihar Sakkwato da ta Bakolori a Zamfara idan sun tumbatsa. Turbar da babur ke bi da rani sai ta nutse, tungar ta koma tsibiri.

Lokacin ne komai ke komawa kan kwale-kwale: buhun hatsi, akuya, babur, ɗan makaranta, har da gawa.

Wahalar ta fi tsanani ga mai naƙuda. Idan haihuwa ta gagari ungozoma da tsakar dare, sai an nemo amalanke a kai matar bakin ruwa, a tayar da mai jirgi, a tsallaka cikin duhu da hasken tocila, sannan a fara neman abin hawa zuwa Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi ko babban asibitin Argungu. Kowane mataki da kuɗinsa, kowane kuma yana cin lokacin da mai zubar da jini ba ta da shi. Shi ya sa gidaje da dama ba sa ɗaukar mara lafiya sai ciwo ya ci ƙarfinsa. Mutanen birni kan ce jahilci ne. Wanda ya taɓa ganin gulbin a watan Satumba ba zai yi saurin faɗin haka ba.

Ambaliyar 2020 ita ce har yanzu ake kwatance da ita. A shekarar, hukumomin jihar sun ƙiyasta cewa ruwa ya shafe kimanin hekta 450,000 na shinkafa, ya karya gadoji, ya yanke hanyar Dukku zuwa Makera wadda ke haɗa Birnin Kebbi da yankin Arewa. Manoma da yawa sun wayi gari da bashi a wuya, babu ko dami ɗaya a rumbu.

Idan ruwa ya janye

Ambaliyar da ke cinye amfanin damina ita ce kuma ke barin laka mai albarka da danshin da ake noman rani da shi. Ruwan fadama ba shi da zurfi. Manomi na kafa bututu a ƙasa, ya jona injin ban-ruwa, ya shuka iri a Disamba ko Janairu, ya yanke shinkafarsa kafin damina ta kankama.

Sai dai injin fetur yake sha, shinkafa kuwa ba ta san haƙuri da ƙishirwa ba. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, ana sayen lita a ƙasa da Naira 200. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000, kuma a tunga farashin ya fi haka, domin a jarka ake kai shi. Wasu sun juya injinansu zuwa tukunyar gas ta girki. Gwamnatin jihar ta raba injina masu aiki da hasken rana, amma masu buƙata sun ninka abin da aka raba.

Wanda ba shi da jari, dillali yake nufa. A ba shi taki da kuɗin mai a farkon shuka, ya biya da buhunan shanshera ranar girbi, a farashin da mai kuɗin ya yanka. Tun buhun bai bar gona ba an riga an san mai shi.

Ga kuma jan-baki. Da zarar shinkafa ta fara ɗaukar ido, tsuntsayen kan sauka dubbai, sai a tura yara gona tun asuba da gwangwani da majajjawa. Makonnin nan ajin firamare kusan wayam yake, ko da malamin ya samu ya tsallako daga gari.

Suna a birni, laka a ƙauye

A Jihar Kebbi ne tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015. Shekara guda bayan haka aka fito da Lake Rice, haɗin gwiwar Kebbi da Legas. A 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga na Labana a Birnin Kebbi. Ba za a ce ƙauye bai ga komai ba: an yi rufin kwano, an sayi babura, wasu sun sauke farali da kuɗin shinkafa.

Abin da bai zo ba shi ne wanda mutum ɗaya ba zai iya saya wa kansa ba, wato hanya mai kwalbati da za ta jure damina, da ɗakin shan magani mai ma'aikacin da ke kwana a garin. Ruwan sha ma a tungaye da dama daga rijiya ko gulbi ake ɗiba, inda yara ke wanka suna kwasar tsargiya.

Yanzu an rufe shirin rancen. A Yulin 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, ciki har da shinkafa. Mai saye a Badariya ya samu sa'ida, manomin da ya shuka da fetur mai tsada kuwa ya tarar da shanshera ta faɗi.

Sabuwar fargaba ta ƙaru a Nuwamban 2024, lokacin da Lakurawa suka kai hari garin Mera a Ƙaramar Hukumar Augie, aka kashe mutum 15 bayan sun bi sawun shanun da aka kora. A ƙauyen da sai ka hau tudu kake samun sabis, kiran jami'an tsaro ma aiki ne.

Matasa da dama sun fara fita ci-rani, suna kabu-kabu da leburanci a Birnin Kebbi da Sakkwato. Waɗanda suka tsaya suna rage faɗin gonar shinkafa, suna ware wani ɓangaren ga albasa da tattasai, waɗanda ba sa shan ruwa kamarta.