Ko Ka Sani? Gida Mai Taya da 'Yan Fansho Ke Kaiwa Hamada

Ko ka san akwai wani ɗan gari a hamadar jihar Arizona ta Amurka, wanda mazaunansa kimanin 2,400 ne a ƙidayar 2020, amma da hunturu ya kama sai ka rasa masaka tsinke? Sunansa Quartzsite. Tun daga Nuwamba motoci ke kwararowa, kafin Janairu dubun-dubatarsu sun bazu a cikin tsakuwa da ƙaya iya ganinka. Masu motocin ba otal suke nema ba, ba gidan haya ba. Kowa da gidansa ya zo, yana tuƙa shi ko yana jan sa.

Galibinsu tsofaffi ne, miji da mata, da suka ajiye aiki. Sun fito daga jihohin arewa irin su Minnesota da Montana, wasu ma daga Kanada, inda dusar ƙanƙara ke toshe ƙofar gida wata da watanni. A Quartzsite kuwa zafin rana a Janairu bai cika kaiwa digiri 20 ba, ruwan sama na shekara guda kuma kimanin milimita 100 ne. Tafiyarsu ta yi kama da cin rani, sai dai su ba kuɗi ya fito da su ba. Da yawa ma aikin sa kai suke zuwa yi.

Motar da ta sa wannan rayuwa ta yiwu ita ce Amurkawa ke kira RV, mu ce motar-gida. Akwai babba mai siffar bas, wadda kan kai tsawon mita 13. Akwai ƙarama mai kamar motar haya da aka gyara cikinta. Akwai kuma wadda ba ta da inji, tirela ce da ake ɗaura wa a-kori-kura. A ciki za ka tarar da gado, da kicin, da banɗaki, da teburin cin abinci. Wasu idan an tsaya, sai a danna maɓalli bangon gefe ya turo waje, falo ya ƙara faɗi. Mafi yawan waɗanda ake ƙerawa a Amurka daga yankin Elkhart na jihar Indiyana suke fitowa, kuma a yawancin jihohi lasin ƙaramar mota ya isa mutum ya tuƙa wadda nauyinta bai kai tan 12 ba.

Amma ba gadon ko falon ne abin sha'awa ba. Gidan da ke cikin gari yana jingine ne da abubuwan da mai shi ba ya gani: bututun ruwa, wayar lantarki, magudanar ƙazanta. Motar-gida a hamada ba ta da ko ɗaya. Duk abin da gari ke yi wa gida, dole ta yi wa kanta, kuma a nan hikimar take.

Mu fara da ruwa, domin shi ne sarki. A ƙarƙashin daben motar akwai tankuna uku. Na farko na ruwa mai tsafta ne, a manyan motoci yakan ci lita 300 ko sama da haka, ɗan famfo mai aiki da batir ne ke tura shi zuwa kicin da banɗaki. Na biyu shi ke tara ruwan wanka da wanke-wanke. Na uku na masai ne. Kowace lita nauyinta kilo guda ne, don haka cika tanki ƙarin kaya ne a kan taya da inji. Sannan duk abin da ya fita daga na farko, cikin ɗaya daga sauran biyun yake faɗawa. Ranar da na farko ya ƙafe ko na uku ya cika, zama ya ƙare, sai an naɗe komai an tuƙa gidan zuwa wurin zubarwa.

Shi ya sa masu wannan rayuwa ba sa wasa da ɗigo. Mai wanka zai buɗe ruwa ya jiƙa jiki, ya rufe, ya cuɗa sabulu, ya sake buɗewa ya ɗauraye. Kwano sai an goge maiƙonsa da takarda kafin ya ga ruwa. Ruwan sanyin da ke fara zubowa kafin na zafi ya iso ana tare shi a bokiti, a yi amfani da shi a masai. Masan kansa ba ya da tankin zuba ruwa irin na gida. Taka shi ake yi da ƙafa, murfin ƙasa ya buɗe, ruwa kaɗan ya biyo. Da irin wannan tattali, mutum biyu kan yi mako guda zuwa biyu ba su motsa ba.

Ranar zubarwa ma da tsarinta. Tsohon zai sa safar hannu, ya haɗa wani tiyo mai kauri daga bakin tankin zuwa ramin da hukuma ta tanada. Ya fara jan marfin tankin masai, ya jira ya tsiyaye, ya rufe. Sai ya ja na ruwan wanka, domin ruwan sabulun ya wanke cikin tiyon. A Janairu layin motoci a wurin nan kan yi tsawo, kuma a wannan layi ne baƙi ke sanin juna, tsoffin hannu na nuna wa sababbi yadda ake yi. Waɗanda ba sa son tayar da motar baki ɗaya sukan juye ƙazantar a wani ƙaramin tanki mai taya, su ja shi a hankali da ƙaramar mota.

To, ga abin da ya fi ba ni mamaki a cikin motar: firjinta da wuta yake yin sanyi. Ba wutar lantarki ba, harshen wuta na gaske. A bayan firjin akwai wani ɗan murhu da ke ƙona gas, yana dafa ruwa da aka gauraya da sinadarin amoniya a cikin rufaffen bututu. Zafi ya sa amoniyar ta rabu da ruwan ta tashi sama a matsayin tururi. A can sama ta huce ta koma ruwa-ruwa, ta gangaro cikin bututun da ke ratsa firjin, inda take haɗuwa da iskar haidurojin. Nan sai ta sake zama tururi, kuma a wannan sauyin ne take zuƙe zafin da ke cikin firjin, kamar dai yadda kowane ruwa ke kwashe zafi idan yana bushewa. Daga nan ruwan ya sake shanye ta, su koma wurin murhu, a sake zagayowa. Babu inji, babu ƙara, babu wani abu mai juyawa da zai lalace.

Wasu ɗalibai biyu ne 'yan ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro shi a 1922, kamfanin Electrolux kuma ya fito da shi kasuwa. Wanda ya taɓa ganin firji mai kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a asibitocin ƙauye kafin zuwan na sola, to ya ga wannan fasaha da idonsa. Sharaɗinsa ɗaya ne: dole ya tsaya daidai. Tunda gangara ce kaɗai ke tafiyar da ruwan cikinsa, idan motar ta karkace sai ruwan ya taru a wani lungu, murhu ya yi ta dafa bututu har ya toshe. Don haka abu na farko da ma'aurata ke yi idan sun isa masauki shi ne daidaita motar, ɗaya na duban ma'auni a ciki, ɗaya na cusa katako ƙarƙashin taya ko yana sauke jak.

Lantarki kuwa daga rana yake zuwa. Farantan sola a kan rufi suna cika batura, batura su kunna fitilu da famfo, inbata kuma ta ba talabijin da kwamfuta irin wutar da suke so. Da yake ranar hunturu ba ta hawa tsakiyar sama a can, masu lura sukan ɗaga farantan su fuskanci kudu. Dare a hamada yana da sanyi, wani lokaci har ruwa ya daskare, kuma fankar na'urar ɗumama ɗaki ita ce ke shanye batir kafin asuba. Sabbin motoci sun koma baturan litiyom, wasunsu ma sun bar firjin gas sun koma mai inji.

Ƙasar da suke sauka a kai ta gwamnatin tarayya ce, ƙarƙashin hukumar kula da filaye da aka fi sani da BLM. A mafi yawan filayenta mutum na iya zama kyauta na kwana 14, sannan ya ƙara gaba. Amma a 1983 hukumar ta ware wasu wurare na dogon zama, irin su La Posa da ke kudu da Quartzsite, mai faɗin eka sama da 11,000, da wani kusa da madatsar ruwa ta Imperial a wajen Yuma. Da takardar izini guda mutum zai zauna daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, ya sami wurin ɗiban ruwa da wurin zubar da shara da ƙazanta.  

Wa ke kula da waɗannan dubban baƙi? Hukumomin gwamnati ba su da ma'aikatan da za su isa, kuma wuraren sun yi nisa da gari, ba gidajen da za a sauki kowa. Nan ne motar-gida ta warware matsalar da kuɗi kaɗai ba zai warware ba: ma'aikacin ya zo da ɗakinsa. Ana ba ma'auratan fili kyauta, sau da yawa har da ruwa da lantarki, su kuma su ba da wasu awanni a kowane mako, galibi tsakanin 20 zuwa 30. Su ne za ka tarar a ɗan ofishin bakin ƙofa suna ba da takardar izini. Su ne ke wanke banɗakunan jama'a, su kwashe toka, su tsince shara, su gyara alamun hanya. A gandun namun daji na Kofa, wanda aka kafa a 1939 saboda tumakin dutse masu manyan ƙaho, da na Cibola da ke bakin kogin Colorado inda tsuntsaye dangin gauraka ke sauka da hunturu, 'yan sa kai na tarbar baƙi da taimaka wa ma'aikata. Wanda ya cika awa 250 a filayen tarayya ana ba shi katin shiga gandayen ƙasa kyauta na shekara guda.

A ganina aikinsu mafi daraja shi ne gargaɗi. Hamada tana da rauni fiye da yadda ido ke gani. Sawun taya a kan shimfiɗaɗɗiyar tsakuwarta yakan yi shekaru da dama bai goge ba. Busasshen rafi mai laushin yashi, wanda baƙo zai ga ya dace da masauki, yana iya cika da ambaliya daga ruwan da aka yi a kan duwatsu can nesa. Tsohuwar da ta yi hunturu da yawa a wurin ta san wannan, kuma baƙo ya fi jin maganarta a kan allon sanarwa. Tsohon malamin makaranta ko tsohuwar nas da gari ya sallama, a nan ana nemansu kullum da safe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya haura 65.

Kada dai a ɗauka rayuwar sauƙi ce ko araha. Babbar motar-gida takan sha lita guda a tafiyar kilomita 3 zuwa 4. Gida ne da ake girgizawa a kan hanya, don haka kullum akwai ƙusar da ta kwance ko rufin da ke yoyo. Kuma ba kowa ne ya zaɓi zaman ba. Kusa da motocin alfarma akwai tsofaffin da fanshonsu ya kasa biyan haya, suka koma kwana a ƙananan motoci. Su ne Jessica Bruder ta bi ta rubuta littafinta Nomadland a 2017, wanda fim ɗinsa ya ci kyautar Oscar a 2021. Rana ɗaya ke ɗumama su duka, amma wani yana da gidan komawa, wani kuwa babu.

Zafi ne ke tashin kowa. Daga Afrilu hamadar ke fara ƙuna, a Yuli kuma zafi kan haura digiri 40 kusan kullum. Motar ƙarfe ce mai siririn bango, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana cin wutar da sola da batir ba sa iya ɗauka tsawon yini. Sai a naɗe rumfa, a ja bangon falo ciki, a ɗaure kwanuka, a nufi arewa, inda gandayen cikin duwatsu ke neman masu kula da baƙi na bazara.

Akwai kuma shekarar da ido ko gwiwa za su hana riƙe sitiyari. Ƙungiyar masu motar-gida ta Escapees, wadda Joe da Kay Peterson suka kafa a 1978, ta yi tanadin wannan a garin Livingston na jihar Texas. A can ake karɓar wasiƙun mambobinta ana aika musu duk inda suke, kuma a can ta buɗe wata cibiya inda wanda tsufa ko ciwo ya tsayar zai ajiye motarsa ya ci gaba da kwana a cikinta, ana ba shi abinci, ana kai shi ganin likita. Masu taimakawa a kicin da tuƙa marasa lafiya, da yawansu 'yan sa kai ne da suka zo da tasu motar suka yi masauki a gefe.