Mainama Da Sauransu: Inda Ake Cin Abinci A Unguwannin Tamanrasat

Akwai wata kalmar Hausa wadda kusan kowane mazaunin garin nan ya iya, ko Balarabe ne, ko Ba'abzine, ko Bakabilen da aikin gwamnati ya kawo shi daga arewa. Kalmar kuwa ita ce "mai nama". Sai dai da ta shiga bakinsu ta sake ma'ana. Mu a wurinmu mai nama mutum ne, wato wanda ke tsaye a bakin wuta da wuƙa a hannu. Su kuwa naman kansa suke kira mainama, har su ɗora masa "al" irin ta Larabci, ka ji mutum ya ce yau almainama zai ci. Jaridun birnin Alje sun sha ba da labarinsa a matsayin abincin da Tamanrasat ta yi suna da shi. Ganin haka ya sa a wannan wata muka ga ya dace mu zaga da masu karatu wuraren cin abinci na garin, musamman saboda sababbin zuwa.

Da farko dai ya kamata a san cewa cikin Tamanrasat ƙofa biyu gare shi. Daga arewa, ta hanyar In Salah, manyan motoci ke kawo garin alkama da taliya da mai da dankalin turawa da tumatirin gwangwani, bayan tafiyar da ta haura kilomita 1,900 in daga Alje aka taso. Daga kudu kuwa, ta In Gezam mai nisan kimanin kilomita 400, tumaki ke shigowa da gero da gyaɗa da kayan yaji da mangwaro, akasari ta hanyar cinikin musaya da gwamnati ta halatta tsakaninta da Nijar da Mali, inda ake ba da dabino a karɓi dabba. Wanda ya shiga kasuwar Asihar zai ga kayan ƙofofin biyu a jere. Ƙidayar 2008 ta ba garin mutum sama da 92,000, amma wanda ya ga yadda unguwanni suka bazu tun daga lokacin ya san bakunan da ake ciyarwa yau sun wuce haka nesa.

Karin kumallo da na hantsi

Garin yana kan tudu, kusan mita 1,400 sama da teku, don haka sanyin asuba na watan Disamba da Janairu ba ya raga wa kowa. Da an fito masallaci sai gidajen gahawa na titin Amir Abdulƙadir su fara cika. A nan ɗabi'ar arewa ce: gahawa mai kauri a ɗan ƙaramin kofi, ko a zuba mata madara, a haɗa da burodi ko misamman, wata gurasa mai laushi da ake toyawa a kasko. Maza ne zalla, kuma da yawansu a tsaye suke sha su wuce.

Namu karin kumallon sai an tsallaka zuwa Gat al-Wad da Tahaggart. Can ne za ka tarar da mai shayi da teburinsa da gwangwanayen madara da kiret ɗin ƙwai, kamar a tashar Maraɗi, ga kuma koko da ƙosai da fanke. Mafi yawan masu ci leburori ne da ke jiran motar ɗan kwangila, saboda haka kafin rana ta ɗaga an watse. Wanda ya makara, abin da ya rage masa shi ne karin hantsi, kuma a nan ne ƙananan shagunan abinci na Larabawa ke da daɗi. Kwanon lubiya, wato farin wake da miyar tumatir da kamun, da rabin burodi, yana riƙe mutum har la'asar. Akwai kuma soyayyen dankali da ƙwai da ake cusawa cikin burodi, wanda ɗalibai da sojoji ba su gajiya da shi, da garantita da ake yi da garin humus. Burodi dai shi ne gatan talaka a ƙasar nan, tun da gwamnati na tallafa wa fulawarsa. Amma a lura, ranar Juma'a kusan ko'ina a rufe yake har sai an sauko daga masallaci.

Gidajen tuwo ba su da allo a ƙofa. Sai dai ka tambayi ɗan'uwa ya nuna maka, ka yi sallama a soro, Hajiya ta ce a shigo. A irin waɗannan gidaje ake samun tuwon masara ko na shinkafa da miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa, da shinkafa da wake, wani lokaci har da dambu in an sami zogale. Daddawa da kuka daga gida suke zuwa a bayan mota, don haka ɗanɗanon miya yakan bi yadda hanya take. In iyaka ta yi tsauri, harshenka ne zai fara gaya maka.

Bakin tukuba

Bayan la'asar hayaƙi ke fara tashi a Sarsuf da Tahaggart da Gat al-Wad da kewayen Asihar, ba kuwa zai lafa ba sai dare ya yi nisa. Ainihin mainama abin da muke kira balangu ne. Ana shimfiɗa manyan yankan nama a kan waya bisa garwashi, ba a kan harshen wuta ba, ana juyawa ana shafa mai har kitsen ya narke ya ratsa tsokar. In mai saye ya zo sai ya nuna inda yake so, a yanka masa ƙanana-ƙanana, a watsa albasa, a barbaɗa yaji, a naɗe a takarda mai kauri, a mayar gefen wuta na ɗan lokaci don tururi ya ƙarasa aikin. Wannan mayarwa ita ce ke bambanta gwani da ɗan koyo. Mai gaggawa yakan tsallake ta, sai ka ci nama daban, yaji daban.

Ragon da aka fi gasawa shi ne wanda Larabawa ke kira sidawun, mai gashi maimakon ulu, dogo, mara yawan kitse, irin na Azawak da arewacin Mali. Akwai kuma naman raƙumi, wanda in ba a haɗa shi da ɗan tozo ba yakan bushe ya gajiyar da haƙori. Yaji kuwa kowa da sirrinsa, amma ba ya wuce ƙuli-ƙuli da citta da barkono da masoro da kanumfari da kimba da gishiri. Mun lura cewa wasu sun rage barkono ƙwarai saboda baƙin arewa, wanda ba laifi ba ne, ciniki ake nema. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne cika yaji da dunƙulen ɗanɗano don a ɓoye naman da ya kwana. Mai saye ya dubi tsokar kafin a yanka, ya kuma dubi katakon da ake yankan a kai.

Wannan sana'a ba a nan kaɗai ta kafa tuta ba. Ita ce suya a Legas, soya a Kamaru, shukuya a Abijan, cicinga a Gana, agashe a Sudan, a Dakar ma akwai abin da suke kira dibin Hausa. Ko'ina ka je, mahaucinmu ne ya kai wutar. Masu yin ta a nan galibi mutanen Tawa da Ƙwanni da Maraɗi da Damagaram ne, wasu sun gaji fawa tun kakanni, wasu kuwa nan suka koya a hannun maigida.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Naman ya sami takardar zama ɗan ƙasa, amma mai gasa shi sau da yawa bai samu ba. Akwai iyalai da suka zauna tun zamanin ayari, ko tun farin 1973 da na 1984, waɗanda 'ya'yansu 'yan ƙasa ne sosai. Amma wanda ba shi da katin zama ba ya iya yin rajistar kasuwanci da sunansa, saboda haka shago na wani, wuta da gumi nasa, yarjejeniya kuwa ta fatar baki. Dokar 2008 kan shigowa da zaman baƙi ta tanadi hukunci ga wanda ya zauna ba izini. Bayan mutum 92, yawancinsu mata da yara 'yan yankin Kance, sun mutu da ƙishirwa a hanyar nan cikin watan Oktoban 2013, sai aka fara kwashe 'yan Nijar ana mayarwa gida daga watan Disamban 2014, kuma Tamanrasat ce matattarar da ayarin motocin ke bi zuwa Asamaka. Ranar da aka yi kame, akwai tukubar da ba a ƙara hura ta ba. Bashin da mai ita ke bin mutane ya bi ruwa, wanda ake bin sa kuma ya faɗa kan abokan sana'a.

Ra'ayinmu shi ne dattawan mahauta su tashi tsaye, kamar yadda Sarkin Fawa ke yi a gida. Kada a gasa sai naman da ya fito daga mayanka da hatimin likitan dabbobi. A bar naɗe nama a takardar buhun siminti, tun da takardar abinci ba ta gagari kowa ba. Duk yarjejeniya da mai shago a rubuta ta gaban shaidu. Mutum ɗaya in ya sayar da ruɓaɓɓe, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi mainama ya sa ciwo, alhali sunan na kowa ne.

Bayan isha'i

Masu neman mashaya ba su da abin karantawa a nan. Kaɗan ne a garin, a ɓoye suke, ba kuma hanyarmu ba ce. Mashayarmu ita ce gindin buta. Shayin Abzinawa sau uku ake zuba shi, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, da kumfa a saman kofi, kuma ba kyau baƙo ya tashi kafin na uku. Da daddare a bakin kwarin da ya ratsa gari za ka ga garwashi nan da can, kowane da majalisarsa. Tun da aka jawo ruwa daga In Salah a 2011, ta bututu mai tsawon kimanin kilomita 750, wahalar jiran tanka ta ragu, amma har yau masu shayi na musu a kan wane ruwa ya fi ba da kumfa.

In wani aboki Ba'abzine ya gayyace ka bayan gari wajen dutsen Adriyan, kada ka ƙi. Can ake cin tagella, gurasar da ake binnewa cikin rairayi mai zafi da toka, a fito da ita a kakkaɓe, a gutsuttsura a zuba miya ko man shanu. Ba a cika samun ta yadda ya kamata a shago ba. Suna da kuma agajira, gero da dabino da cuku a dama da ruwa, ƙanwar furarmu ce.

Watan azumi komai juyewa yake yi. Da rana ba tukunya ko ɗaya a waje, buɗa-baki da shorbar firik da burek, sai zalabiya da ƙalballuz, bayan tarawihi kuma layi ya koma bakin tukuba har sahur.

Sabon zuwa ya kula da lissafi wajen biya, don mutanen nan da santim suke ƙirga. In mai shago ya ce "alf", wato dubu, dinari 10 yake nufi. "Ashra alaf" dinari 100 ne, "miyat alf" dinari 1,000, miliyan ɗaya kuwa dinari 10,000. Tsofaffi ma har yanzu suna ƙirga da doro, santim biyar-biyar, kamar dai yadda muke yi da dala a gida. Kafin ka miƙa takarda, ka ce a faɗa maka da dinari.