Faɗakarwa Kafin Ambaliya a Ƙasar Gobir: Yadda A Ke Haɗa Aikin Kwamfuta da Kunnen Manomi

Ruwan da ya ke cin fadamun Sabon Birni da Isa, sau da yawa ba a nan aka yi shi ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina ya taso, ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya komo Nijeriya ya faɗa Gulbin Rima. Bunsuru da Gagare kuwa daga kudu suka gangaro ta wajen Isa. Saboda haka a kan yi ruwa a nesa, bayan kwanaki ya iso wa mutanen da ba su ga hadarinsa ba. Ɓarnar da irin wannan ruwa ya yi a kwarin Rima cikin Satumba 2010 ba ta ɓuya ba, sa'ad da ya fi ƙarfin madatsar Goronyo. 'Yan kwanakin nan da ke tsakanin faɗuwar ruwa da isowarsa, su a ke so a ci moriyarsu.

A yau manyan kwamfutoci ne ke yin wannan tsaro. Suna girke a gidaje na nesa, ana aiki da su ta intanet, Turawa kuwa sun yi musu laƙabi da gajimare. A kan ɗora musu aiki su riƙa maimaita shi kullum ba da an taɓa su ba: su tattara hasashen ruwan sama da awon koguna, su lissafa inda ruwa zai kai. Kamfanin Google ya fara irin wannan faɗakarwa a Indiya a 2018, ya shigo da Nijeriya a 2022, tsarinsa mai suna Flood Hub kuwa ya kan hango ambaliya har kwana bakwai kafin ta zo.

Amma lissafin da ya tsaya cikin kwamfuta bai tsirar da damin gero ko ɗaya ba. Sai an shirya abu uku.

Na farko shi ne iyaka, watau tsayin ruwan da in hasashe ya kai shi za a yi shela. In an sa ta ƙasa ƙwarai, shela za ta yi yawa har mutane su daina kula. In an sa ta sama ƙwarai, sai ruwa ya riga saƙo isowa.

Na biyu shi ne haɗi. A kan haɗa kwamfutar da hanyar aika saƙon waya, yadda da zarar an ƙetare iyaka saƙo zai tafi da kansa ga ma'aikacin ƙaramar hukuma, da hakimi, da gidan rediyo. Daga nan dagaci da sanƙira da limami su ɗauka, gama har yanzu bakinsu ya fi waya isa lungu.

Na uku shi aka fi mantawa: faɗakarwa a kan shirun na'urar kanta. Aikin da ke tafiya da kansa ya kan tsaya ba wanda ya sani, mutane su ɗauka lafiya ce ta sa ba su ji kome ba. Maganin wannan shi ne a sa ta aiko da shaida kowace safiya cewa ta yi aikinta. Ranar da shaidar ba ta zo ba, a bincika. Gobirawa sun ga misalin haka a Satumba 2021, cikin damina, sa'ad da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Sabon Birni da Isa. Tsarin da ya dogara ga waya kaɗai, a ranakun nan kurma ne kuma bebe.

Sauran aiki na masana harshe ne da malamai. Saƙon da ya faɗi tsayin ruwa da mita bai gaya wa manomi kome ba. Wanda zai amfane shi shi ne gajere, da Hausar da ya saba ji, da murya in ya yiwu, ya ambaci gulbin, da ranar, da abin da za a fara kwashewa.