Ɗaliban kwamfuta 'yan Kankiya da Kusada: ina bincikensu yake zuwa?

Babu jami'a a Kankiya, babu a Kusada. Amma ka tsaya a tashar Kankiya da hantsi a makon da aka koma karatu, za ka ga samari da 'yan mata kowa ya rungume jakarsa a ƙirji, ba ya yarda yaron mota ya jefa ta but. Ƙunshin garin kwaki da galan ɗin man gyaɗa su ne na baya. Jakar kuwa laftof ce a ciki, kuma a gidaje da yawa sai da aka kai rago ko buhunan gero kasuwa kafin ta samu.

Garin yana kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, saboda haka mai neman digiri zaɓi gare shi. Wasu sukan yi yamma zuwa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Wasu su yi birnin Dikko, inda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ta 2006 da Al-Qalam ta 2005 suke. 'Yan Kusada, da yake suna gab da iyakar Kano, Jami'ar Bayero ba ta yi musu nisa ba. A cikin Kankiya ita kanta makarantar gaba da sakandare da aka fi sani ita ce ta koyon aikin lafiya, wadda ke ɗauke da sunan Kankiya Iro. Sashen kwamfutar da zan yi magana a kai ba zan kama sunansa ba, don duk wanda ya zauna a ɗaya daga cikinsu zai ga nasa a ciki.

Rayuwar sashen ba ta yin zafi sai a zangon ƙarshe na aji huɗu, lokacin furojet. Daga nan barandar ofisoshin malamai ba ta rabuwa da layi. Kowa da takardunsa a fayil, yana jiran sufabaiza ya leƙo. Malami ɗaya yana iya samun ɗaliban da zai duba fiye da yatsun hannunsa, ga lakcar aji ɗaya mai cika ɗaki har taga, ga makin jarrabawa, ga taron sashe, ga nasa digirin na uku da ya tsaya masa a wuya. Idan ɗalibi ya samu shiga, gaisuwar kan fi bayanin tsawo. Uzurin da aka fi ji a ƙofar nan bai wuce biyu ba: "Ranka ya daɗe, an ɗauke wuta," da kuma "Malam, fulash ɗina ne ya kama bairos." Sau da yawa kuma gaskiya ne.

Ɗakin kwamfutoci yana nan, an jera injuna a kan tebura, wasu an lulluɓe su da leda saboda ƙurar hunturu. Ranar da aka tayar da janareta, abin da ake rububi a kai ba kujera ba ce, soket ne. Za ka ga caja shida sun taru a wayar jona guda, mai ita yana gadi kamar mai jiran gona. Wanda batirin laftof ɗinsa ya mutu, kuma su ne mafi yawa tunda kusan duk na hannu ake saye, da zarar inji ya yi tari aikinsa ya tafi, in bai adana ba. Shi ya sa ainihin rubutun manhaja da dare ake yinsa, a ɗakin kwana ko a shagon mai sola, an haɗa wayar hannu da kwamfuta ana jan intanet a lokacin da data ta fi araha. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, awannin janareta suka ragu, kuɗin laftof ya tashi.

Akwai kuma cikas ɗin da ba na kowace rana ba. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma, ba a buɗe ba sai Disamba. Ɗalibin kwamfuta ya wayi gari sai ya shiga mota ya bar gari kafin ya aika saƙo ɗaya. Shekarar da ta biyo baya ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Da yawa daga yaran nan a gida suka yi damina, suka yi noma, suka yi girbi.

A gidan ma ba zama suke yi ba. Ɗan aji uku a sashen kwamfuta, idan ya zo hutu Kusada, ya zama injiniyan unguwa ko ya so ko bai so ba. Shi ne mai cike wa ƙanne fom ɗin JAMB, wadda ta koma rubutawa da kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Shi ne mai duba wa Gwaggo dalilin da ya sa aka toshe mata layi, shi ake kai wa wayar da ta ƙi buɗewa, shi mai POS ke kira in kuɗi sun maƙale. Baba kuwa, in aka tambaye shi abin da yaron ke karantawa, amsarsa ba ta wuce "kwamfuta" ba, yana faɗa da alfahari, ko da bai taɓa ganin abin da ake yi da ita ba.

To, me ake yi da ita? A nan ne zancen yake da ɗaci. Ka ɗaga kundayen furojet na shekara biyar a irin wannan sashe, kanun kusan ɗaya ne: tsarin ajiye bayanan ɗalibai, tsarin rabon ɗakin kwana, tsarin laburare, tsarin biyan albashi. A canza sunan makaranta, a canza launin shafin farko. Akwai ma shaguna a bakin ƙofar jami'o'i da sana'arsu ke nan, su sayar maka da babi biyar da manhajar da ba ka san yadda aka gina ta ba. Ranar kare furojet a sa kwat ɗin aro, a tsaya gaban malamai minti goma, a fito a ɗauki hoto. Sai a kai a ɗaure kundin da bango mai kauri, a buga suna da ruwan zinare, a jera shi a kabad ɗin sashe. Daga ranar babu mai sake buɗe shi sai gara.

Ban ɗora wa ɗaliban laifin duka ba, ban kuma ɗora wa malaman ba. Malamin da ƙarin girmansa ya rataya a kan yawan maƙalun da ya buga, ba a kan ko wani asibiti ya yi amfani da aikinsa ba, dole ya bi inda maki yake. Ɗalibin da ke ƙirga kwanakin zuwa bautar ƙasa shi ma gajeriyar hanya yake nema. A cikin kowane aji kuma akan samu biyu ko uku da suke yin abin kirki da gaske, su ne za ka gani sun rame a zangon nan. Abin takaicin shi ne nasu kundin ma kabad ɗaya yake shiga da na mai saye.

Da a ce babu wanda ya taɓa fita daga wannan rami a ƙasar Hausa, da sai a ce ƙaddara ce. Amma an fita, kuma ba da nisa ba. Wasu malaman kwamfuta daga Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, cikinsu akwai Shamsuddeen Hassan Muhammad da Ibrahim Sa'id Ahmad da Idris Abdulmumin, sun haɗu a ƙarƙashin ƙungiyar HausaNLP, suna aiki tare da Masakhane, gamayyar masu binciken harsunan Afirka da ta soma a 2019. Matsalar da suka tunkara mai sauƙin faɗa ce. Na'urorin ƙirƙirarriyar basira daga rubutu suke koyo, rubutun Hausa da aka tsara domin koyar da na'ura kuwa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da yawan masu magana da harshen. Google ya sa Hausa a manhajar fassararsa tun 2013, amma duk wanda ya gwada ta a shekarun farko ya san irin kwamacalar da take fitarwa.

Sai suka zauna suka yi aikin da kowa ke gudu. A binciken da suka kira NaijaSenti, sun tattaro saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane ɗaya daga harsuna huɗu, Hausa da Ibo da Yarabanci da Turancin buroka. Kowane saƙo mutum uku masu jin harshen suka karanta shi, kowa ya yanke hukunci: yabo ne, suka ne, ko ba ruwansa. Inda aka samu saɓani a bi rinjaye. Aiki ne mai cin rai, don Bahaushe gwanin gatse da habaici ne, yana iya yi maka sannu da aiki alhali zagi ne, ga kuma masu cakuɗa Hausa da Turanci a jimla guda, ga masu rubutu ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba. An gabatar da aikin a babban taron masana a Marsay ta Faransa a 2022. A taron nan ne kuma aka gabatar da Hausa Visual Genome, hotuna 32,923 kowanne da bayaninsa da Hausa, wanda na'ura ta fara fassarawa mutane suka bi suka gyara ɗaya bayan ɗaya. A 2023 aikin NaijaSenti ya faɗaɗa ya zama AfriSenti, harsunan Afirka 14 da saƙonni sama da 110,000, har aka yi gasar duniya a kansa, ƙungiyoyin bincike daga ƙasashe daban-daban suna gwada na'urorinsu a kan maganar mutanen Kano da Katsina.

Abin lura a nan shi ne jarin da aka zuba. Kashin bayan aikin ba wata ƙatuwar na'ura ba ce, kunnen ɗan harshe ne da haƙurin zama. Sannan ba su kulle abin da suka tara a kabad ba, sun sa shi a intanet kyauta, shi ya sa wasu suke ta ɗorawa a kai, suna kuma ambaton sunayensu.

Wannan jarin kuwa ɗan Kankiya yana da shi fiye da ɗan Landan. Hausar da ke cikin waɗancan rumbunan galibi ta masu Twitter ce da ta 'yan jarida. Hausar tsohuwa mai bayyana wa ma'aikaciyar lafiya ciwon jikanta ba ta ciki, haka ta dillalin awaki, haka ta manomi mai kwatanta tsutsar da ta cinye masa wake. Yawancin waɗannan mutane ba sa rubutu da boko, da saƙon murya suke hulɗa a WhatsApp, kuma duk manhajar da ba ta jin magana ba tasu ba ce. Mozilla na da shirin tara muryoyi mai suna Common Voice wanda Hausa ke ciki, kowa na iya karanta jimla ya aika. Aji guda na ɗalibai, a hutu guda, da izinin masu muryar, zai iya tara karin harshen Katsina mai yawa daga ƙauyukan Kusada.

Ba harshe kaɗai ba. Farashin gero da dawa da wake yana hawa yana sauka kowane mako a kasuwannin yankin, daga Charanchi har Dutsin-Ma, amma a kan 'yan kasuwa kawai yake zaune. Ɗalibin da ya rubuta shi mako-mako na shekara guda, wani ya karɓa a hannunsa ya ci gaba, cikin shekara biyar sashen ya mallaki abin da babu mai shi. Ƙananan asibitocin karkara cike suke da manyan littattafan rajista na awo da rigakafi, ga makarantar lafiya a Kankiya mai horar da waɗanda za su riƙe su gobe. Ɗalibin kwamfuta da ɗalibar lafiya, in an haɗa su a kan matsala ɗaya, an kuma kiyaye sirrin marasa lafiya, za su fitar da abin da ya fi tsarin rabon ɗakin kwana karo na ɗari.

Ƙofar ma a buɗe take a hukumance. A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fitar da sabon tsarin karatu wanda ya ware fannin kwamfuta ya tsaya da ƙafarsa, da rassa irin su tsaron intanet, kimiyyar bayanai da tsarin sarrafa bayanai. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Akwai kuma kason bincike a asusun TETFund ga malamin da ya iya rubuta buƙata.

Kirana ga shugabannin sassan kwamfuta na jami'o'in da 'ya'yan Kankiya da Kusada ke zuwa: ku daina karɓar kan furojet ɗin da aka riga aka yi bara, ku kuma wajabta wa kowane ɗalibi ya bar bayanan da ya tara da manhajar da ya rubuta a inda na bayansa zai same su. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu kuma, ɗaki ɗaya mai sola da intanet a kowace sakatariya, a buɗe shi lokacin hutu, bai kai kuɗin motar ofis guda ba. Ku samar da shi kafin hutun baɗi.