Daga rumbu zuwa tukunya: Yadda gidajen Gwarzo da Kabo ke tara dukiya mai ɗorewa

A Unguwar Tudu da ke Ƙaramar Hukumar Gwarzo, da ƙauyukan Kabo da ke maƙwabtaka, ba a cika auna ƙarfin magidanci da kuɗin aljihunsa ba. Abin da ake dubawa shi ne ko hatsin da ya girbe da kaka zai kai iyalinsa wata kakar, ba tare da ya ɗauki buhu ya nufi kasuwa a watan Agusta ba, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo kuma bai nuna ba.

Ma'aunin ya cancanci ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati na birni su yi nazarinsa, domin shekarun da suka biyo bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 sun gwada shi. A watan Yunin 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Wanda ya ajiye Naira a banki ya ga ƙimarta tana zagwanyewa, shi kuwa wanda ya jera damman gero da dawa a rumbu ya ci tuwonsa a kan farashin bara.

Sai dai akwai bambanci tsakanin hatsin ci da hatsin riba, kuma a nan ne mutanen birni suka fi yin tuntuɓe. A watan Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. A 2025 farashin hatsi ya faɗi a Dawanau da sauran kasuwanni, kuma da yawa daga waɗanda suka cika shaguna da buhuna suna jiran tsada sun sayar da asara, musamman masu kuɗin aro. Magidancin da ya ajiye abin da gidansa zai ci bai yi asarar komai ba, tunda tukunya ce kasuwarsa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: sai an ware na ci kafin a yi maganar na sayarwa.

Ajiyar ma tana da ƙa'ida. Gero da dawa kan daɗe idan an bar su a zangarniyarsu, amma wake ƙwari ke cinye shi cikin 'yan watanni, abin da ya sa buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwarin ta hanyar hana su iska, ya samu karɓuwa.

Jari na biyu a hannun mata yake. Ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa kan zama tunkiya ko akuya, wadda za ta haihu, a sayar idan aure ko rashin lafiya ya taso. A shari'ar Musulunci wannan dukiyar matar ce, ba ta mijinta ba, ko da yake sau da yawa ita ke rufa wa gidan asiri.

Jarin da ya fi kowanne dogon zango, wanda kuma aka fi rainawa, shi ne itace. Ɗorawa kan shafe kusan shekara goma kafin ta yi 'ya'yan kirki, don haka mai dasa ta ko mai barin ta a gona jikokinsa yake yi wa aiki. Idan ta kama, tana bayarwa ne da bazara, daidai lokacin da gona ba ta kawo komai. Kalwarta ake dafawa a yi daddawa, garinta ana sha, ɓawonta kuma ana yin makuba da shi don daɓe da yaɓe. Haɗa ta da ganyen kuka busasshe, an samu rabin miyar gidan ba tare da an fitar da ko sisi ba. Abin takaici, tsadar gas da kananzir ta sa gawayi ya yi daraja, kuma itacen da ya ciyar da gida shekara hamsin ana iya sayar da shi a rana ɗaya.

Wurin da dukiyar gida ta fi rushewa shi ne rabon gado. A da, uba da 'ya'yansa maza kan noma gandu ɗaya su ci daga rumbu ɗaya, kowa kuma da gayaunarsa. Yanzu gona kan tsattsage bayan rasuwar uba, har kason wani ya gaza ciyar da shi, ya sayar ya nufi Kano. Shari'a ta wajabta a ba kowane magaji haƙƙinsa, mace da namiji, amma ba ta hana magada su amince su bar kadara a dunƙule su riƙa raba amfaninta ba, muddin kowa ya san kasonsa kuma ya yarda.

Birnin Kano yana da misalin haka. Bayan rasuwar Alhassan Dantata a 1955, kasuwancin da ya gina a kan goro da gyaɗa ya ci gaba a hannun 'ya'yansa, ciki har da Aminu Dantata da ya rasu a watan Yunin 2025. Aliko Dangote tattaɓa-kunnen Alhassan ne ta wajen mahaifiyarsa.