Gyaran Ɗaki Don Ɗaukar Waƙoƙin Baka: Misali Daga Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama da kaset yana ƙoƙarin juyar da waƙar makaɗi zuwa takarda ya san irin wahalar da ke cikin wannan aiki. Sau da yawa akan maimaita layi ɗaya har sau goma, amma wata kalma ta ƙi fita. Akan ɗora laifin a kan rikoda, ko tsufan kaset, ko karin harshen makaɗin. Sai dai akwai mai laifi na huɗu wanda ba a cika ambatonsa ba, watau ɗakin da aka ɗauki waƙar a ciki.

Ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ƙasa ce ta makaɗa. A Tubali ta wannan yanki aka haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, kuma sunan Kassu Zurmi ba ɓoyayye ba ne ga mai nazarin kiɗan tauri. Yau na'urar ɗaukar murya ta yi araha, don kuwa kowace wayar hannu rikoda ce. Amma rashin zaman lafiya da ya addabi yankin tun daga shekarun 2010 ya sa zuwa ƙauye ya yi wuya, mutane da yawa kuma sun baro garuruwansu. Ta haka ɗaukar waƙa ta koma cikin gari, a ɗakin bulo da siminti mai rufin kwano. Tsohon makaɗi kuwa ba kullum ake samunsa ba; idan zama ɗaya ya lalace, mai yiwuwa ne ba za a sake samun wani ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ɗaki ke ɓata sauti, da kayan da za a gyara shi da su daga abin da ke hannunmu.

Abin da Ɗaki Ke Yi wa Sauti

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya, yakan kuma ɗan ƙara sauri lokacin zafi. Idan makaɗi ya buɗe baki a ɗaki, muryarsa takan isa makirufo kai tsaye, sa'an nan ta bugi bango ta dawo, ta sake bugun wani bangon ta kuma dawowa. A ɗakin da tsawonsa mita 4 ne, sauti kan yi wannan kai da kawo fiye da sau 40 a sakan guda. Bangon siminti mai santsi ba ya shan fiye da kashi 2 ko 3 cikin 100 na sautin da ya buge shi, sauran duk maido shi yake yi. Wannan tarin amsa-kuwwa shi ne amon da kan rage a ɗaki bayan an yi shiru.

Wanda ya fara auna wannan al'amari shi ne Wallace Sabine, malamin kimiyya a Jami'ar Harvard ta Amurka. A 1895 aka ɗora masa gyaran wani ɗakin lacca inda kalma takan yi fiye da sakan 5 tana yawo kafin ta mutu. Ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zaure cikin dare yana jera su, yana auna lokacin da agogo. Daga ƙarshe ya gano ƙa'idar da ake aiki da ita har yau: tsawon amo yana ƙaruwa da girman ɗaki, yana raguwa da yawan abin da ke shan sauti a cikinsa.

Ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan? Ruwansa babba ne. Mai magana kan furta gaɓa huɗu ko biyar a sakan. Idan amo ya kai sakan 2, kowace gaɓa tana fitowa ne a kan ragowar waɗanda suka gabace ta. Wasula suna da ƙarfi, baƙaƙe kuwa ba su da shi, saboda haka amon wasali yakan danne baƙin da ke biye da shi. A nan ne bambancin kafa da ƙafa, ko daka da ɗaka, kan dushe. Tsawon wasalin da ke raba gashin kai da gashin nama shi ma yakan rikice, tun da amo na ja wa gajeren wasali wutsiya. Abin ya fi muni a Zamfarci, inda ɗaurin baƙi ke da yawa, kamar hulla da zucciya da rigas sarki. Ɗalibin da bai ji ɗaurin ba sai ya rubuta kalmar da Daidaitacciyar Hausa, ya shafe karin harshen makaɗin ba da saninsa ba.

Tare Ƙara Daban, Shanye Amo Daban

Wajibi ne a rarrabe ayyuka biyu da mutane ke cakuɗawa. Na farko shi ne hana ƙarar waje shigowa, kamar ta janareta da baburan 'yan kabu-kabu da ruwan sama a kan kwano. Na biyu shi ne kashe amon da ke cikin ɗakin. Maganin na farko nauyi ne da toshe kafa. A ƙa'ida, duk lokacin da aka ninka nauyin bango, ƙarar da ke ratsa shi kan ragu da desibel 5 zuwa 6. Soso da bargo ba su da nauyi, don haka ko an lulluɓe ɗaki da su ba za su hana kukan janareta shiga ba. Abin da zai taimaka shi ne ƙofa mai kauri, da cusa tsumma a ƙarƙashinta, da toshe ramukan taga, da zaɓen lokacin da unguwa ta yi tsit.

A nan ginin gargajiya ya yi wa na zamani fintinkau. Soron da aka gina da tubali yana da kaurin bango da nauyin rufin ƙasa, waɗanda ke tare ƙarar waje. Yaɓensa ba shi da santsin siminti, azarar da ke samansa kuma tana warwatsa sauti maimakon ta maido shi a dunƙule. Ɗaki mai jinka ya fi shan amo, ko da yake ba ya tare ƙarar waje sosai. Saboda haka wanda ya sami tsohuwar shigifa a can cikin gida, kada ya bar ta ya tafi neman falo mai tayil.

Kayan Shanye Amo

Abin da ke shan sauti shi ne abu mai ƙananan kafofi waɗanda iska ke iya kutsawa. Idan sauti ya shiga tsakanin zarurruka, gogayya takan cinye ƙarfinsa. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce mutum ya kafa baki ya hura: idan iska ta wuce da ɗan ƙyar, abin zai yi aiki, idan ta ƙi wucewa sam, kamar a leda, ba zai yi ba.

Bayan kafofi sai kauri, kuma a nan aka fi yin kuskure. Kowane sauti yana da tsawon zangonsa. Siririn sauti mai kaɗawa sau 4,000 a sakan, irin na s da sh da ts, zangonsa bai kai santimita 9 ba. Sauti mai kauri da ke kaɗawa sau 100, irin rugugin ganga ko ƙasan muryar namiji, zangonsa ya kusa mita 3 da rabi. Abu mai kafofi yana cika aikinsa ne idan kaurinsa ya kai kwata na zangon. Ke nan santimita 2 ta ishi siririn sauti, amma rugugi yana neman santimita 85. Wanda ya liƙa siririn soso a bango duka, ya kashe baƙaƙen da yake nema ya bar rugugin da ke danne su. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

A manyan ɗakunan ɗaukar sauti ana amfani da audugar dutse ko audugar gilashi mai kaurin santimita 5 zuwa 10, a cikin firam na katako, a rufe da yadi. Suna da kyau, audugar dutse kuma ba ta cin wuta, amma suna da tsada, suna sa ƙaiƙayi, ƙurarsu kuma ba ta da daɗin shaƙa. A wannan yanki akwai madadinsu. Zamfara ƙasar auduga ce. Auduga da gyaɗa ne manyan kayan da jirgin ƙasa ya riƙa kwasa bayan layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929. Katifar auduga ko ta audugar rimi mai kaurin santimita 10 tana shan sauti ƙwarai. Haka nan buhun algarara da aka cika da auduga ko tsumma, muddin ba a danƙare shi ya zama dutse ba. Bargo da gwado da labule mai nauyi suna aiki idan an tattara su sun yi ninki, an kuma rataye su nesa da bango da kamar taƙi ɗaya, domin iskar da ke bayansu tana shiga lissafin kauri. Darduma a ƙasa tana rage amsa-kuwwar daɓe. Zana da asabari da tabarmar kaba ba su shan sauti da yawa su kaɗai, sai dai suna da amfani a matsayin fuska idan an sa auduga a bayansu. Galibin waɗannan kaya ana samunsu a kasuwar Shinkafi da ke ci ranar Alhamis, wasu ma aro kawai za a yi a cikin gida.

Kwalin ƙwai kuwa, wanda ake yawan gani manne a bangon ƙananan ɗakunan waƙa, kama ce kawai da soson kamfani ta ruɗi mutane. Ba shi da kaurin shan rugugi, ba shi da nauyin tare ƙara.

Nawa Ake Bukata, Kuma a Ina?

Bari mu ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita 3. Cikinsa mita 36 ne na murabba'in ciki, fuskokinsa shida kuma sun kai murabba'in mita 66. Idan duk siminti ne kuma babu kaya a ciki, ƙa'idar Sabine ta nuna amonsa zai doshi sakan 3. Abin da ake so don magana da waƙa shi ne ƙasa da rabin sakan. Kafin a kai nan sai an rufe kimanin murabba'in mita 15 da abu mai shan sauti sosai, watau wajen kwata na fuskokin ɗakin. Su kansu mutane suna cikin lissafi, don kowane mutum yana shan abin da ya kusa rabin murabba'in mita. Jagora da 'yan amshi da makaɗa su goma, sanye da manyan riguna, sun ɗauke kusan sulusin aikin.

Wajen jerawa, a fara da kusurwoyi, domin a nan rugugi ke taruwa. A jingina katifa a karkace ta tare kusurwa, a bar fili a bayanta. Sa'an nan a duba kowane bango biyu da ke fuskantar juna, a rufe aƙalla ɗaya. A tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗaki a saurara: idan an ji wani kaɗawa kamar na ƙarfe, da sauran aiki. Kada kuma a rufe ko'ina, don ɗakin da ya mutu murus yakan sa makaɗi ya ji muryarsa ta shaƙe, ya shiga tilasta mata.

Matsayin makirufo shi ma rabin gyara ne. Duk lokacin da aka ninka nisansa da baki, muryar da ke isa gare shi kai tsaye kan ragu da desibel 6, amon ɗaki kuwa yana nan yadda yake. A ajiye shi kamar taƙi ɗaya daga bakin jagora, 'yan amshi su ɗan ja baya, masu kotso ko kalangu su fi kowa nisa. A kashe fanka, kada kuma a zaunar da jagora a tsakiyar ɗaki daidai ko a jikin bango.

Haɗarin Gobara

Soson katifa yana kama wuta nan take, hayaƙinsa kuma guba ne. A watan Fabrairun 2003 mutum 100 suka mutu a wani gidan rawa a jihar Rhode Island ta Amurka, bayan tartsatsi ya kama soson da aka manna a bango don rage ƙara. A Janairun 2013 irin wannan ta faru a garin Santa Maria na ƙasar Barazil, inda mutum 242 suka halaka. Auduga ma abokiyar wuta ce. Don haka kada a rufe wayar lantarki ko soket da waɗannan kaya, kada a shigo da fitilar kananzir ko kaskon turare ko maganin sauro na kunnawa, kada kuma a tare ƙofa da katifa. Ya fi kyau a rataya kayan a sauke bayan an gama, wanda kuma zai hana gara da ɓeraye samun mafaka.

Kammalawa

Mun ga cewa nauyi ke tare ƙarar waje, kafofi da kauri ke shanye amon ciki, kuma auduga da bargo da tsohon soro suna iya biyan bukatar da ake zaton sai kayan kamfani. Waƙar baka ba ta da wani asali a rubuce da za a koma gare shi. Abin da aka ɗauka shi ne matanin da za a yi ta nazari a kansa bayan makaɗin ya kau. Ina ganin ya dace sassan Hausa su sa wannan ɗan ilmi cikin darasin dabarun bincike, su kuma nemi kowane ɗalibi ya rubuta irin ɗakin da ya ɗauki waƙa a ciki, kamar yadda yake rubuta sunan makaɗi da rana da gari. Sa'a ɗaya da aka ɓata ana rataya barguna kafin makaɗi ya iso, ta fi kwana uku ana gardama a kan kalmar da bango ya cinye.